Saba'in ɗin da Na Rubuta

Litinin, 5 ga Mayu

Na gama. Wata huɗu ina fama da alƙaluman mace-mace na ƙasashe shida, yau da ƙarfe uku na miƙa wa Darakta rahoton. Mun zo na biyu. Ni kaina sai da na sake dubawa sau uku.

Bari in rubuta yadda aikin yake, don in na tsufa na buɗe littafin nan kada in ce me matar nan take nufi. An ja layi a kan shekara saba'in. Duk wanda ya mutu bai kai layin ba, sai a ƙirga abin da ya rage masa, a ce ƙasa ta yi asarar waɗannan shekaru. Mai hamsin, an rasa ashirin. Mai sittin da tara, an rasa ɗaya. Wanda ya kai saba'in ko ya wuce, sifili: ba a rasa komai ba, ya ci zamaninsa. Sai a tara duka, a auna da yawan jama'a, a jera ƙasashen daga mai ƙarancin asara zuwa mai yawa. Ɓangarena na manya ne, masu tafiya da hawan jini da ciwon suga da ciwon zuciya.

Darakta ya karanta shafin farko a tsaye. "Na biyu? Har ƙasar nan ta bakin teku mun wuce, da duk asibitocinta?" Na ce haka lissafi ya nuna, ranka ya daɗe. Ya ce, "Malama, kin fitar da mu kunya."

Na fito baranda kaina ya kumbura, kamar ni na hana mutanen mutuwa.

Talata, 6 ga Mayu

A taron safe ya sa aka tafa min. Na sunkuyar da kai irin na mai kunya, alhali daɗi nake ji har cikin ƙashina.

Ranar 22 ga wata kwamitin lafiya zai zauna, ni zan gabatar. Darakta ya ce tunda manyanmu suna kai wa tsufa, da alama kwamiti zai rufe awon hawan jini na kyauta da ake yi a ƙananan asibitoci, a mayar da ma'aikatan wani aikin. Na gyaɗa kai. Har cewa na yi, "Ya dace."

Laraba, 7 ga Mayu

Kowa ya taya ni murna ban da Baba Rajista. Shi ne tsohon da ke shigar da takardun mutuwa cikin kwamfuta a ɗakin ƙasa, shekara talatin yana nan, da fankarsa mai kuka da tabaronsa mai ɗaure da zare. Na sauka karɓar wani fayil, ya dube ni ta saman tabaro.

"Malama, an ce mun zo na biyu."

Na ce eh, Baba, ina jiran ya ce barka. Sai ya juyo min da allon maɓallan kwamfutarsa. Lamba bakwai da sifili sun goge tas, babu ko alamar rubutu a kansu. Sauran lambobin kuwa suna nan garau.

"Ni dai ban yi karatun lissafi ba," in ji shi. "Amma yatsana ya gaji da saba'in."

Na yi dariya na ce Baba ba ka rabuwa da zolaya. Na hau bene ina jin haushinsa, ban kuma san dalili ba.

Alhamis, 8 ga Mayu

Don in cire abin daga raina na jera mamatanmu shekara-shekara, abin da ya kamata in yi tun wata huɗu da suka wuce. Ni a rukuni na ɗauko su, goma-goma, don ya fi sauri.

Masu sittin da takwas: ɗari huɗu da 'yan kai. Masu sittin da tara: ba su kai ɗari uku ba. Masu saba'in: dubu uku da ɗari tara. Masu saba'in da ɗaya: ɗari biyu da sittin.

Na duba sauran ƙasashe biyar. Akwai ɗan tudu a kan sittin da saba'in, amma ba irin namu ba. Namu sai ka ce mutane alƙawari suka yi da mutuwa ta jira su a wannan shekarar.

Na rufe kwamfuta na tafi cin abinci. Ban ci ba.

Juma'a, 9 ga Mayu

Ban faɗa wa kowa ba.

Asabar, 10 ga Mayu

Wuni guda ina wanki ina kare kaina a gaban kaina. Ai kowa yana cika lissafi. Mai saba'in da biyu ma a ce masa saba'in, to me aka rasa? Kuma ba ni na cike takardun ba, abin da aka ba ni da shi na yi aiki. Har na fara yarda.

Matsalar ita ce na san ƙarya nake. Da masu saba'in da biyu ne kawai ake saukowa da su, da layin masu sittin da wani abu bai rame haka ba. Daga ƙasa ake ɗago mutanen nan. Mai sittin, mai sittin da uku, a ɗora shi kan layi, ya koma sifili.

Baban yara ya ce rigarsa ɗaya na wanke sau biyu. Na ce ta yi datti ne.

Litinin, 12 ga Mayu

Na sauka wajen Baba Rajista, na tambaye shi wa ke cike gurbin shekaru a takardar. Na san amsar. So nake in ji ta daga bakin wani.

Ya ce, "Dangi mana. Nas tana da lokaci? Ta miƙa wa wanda ke tsaye biro. Shi kuma ga gawa, ga mutane suna jira. Wa zai tsaya lissafi? In an ga furfura, saba'in. Kuma ya fi daɗin faɗa, Malama. A ce tsoho ya huta ya fi a ce an yi sakaci."

Sai na ce ya ba ni makullin ɗakin ajiya, wai ina neman samfuri.

Shekara uku baya, watan Agusta, akwati na huɗu daga ƙasa. Minti goma ban yi ba na same ta. Takardar Umma. Sanadin mutuwa, da rubutun likita: shanyewar jiki sakamakon hawan jini. Shekaru, da rubutuna: 70. Bakwai ɗina ce, mai ɗan layi a tsakiya, yadda nake yin ta tun firamare. Dangantaka da mamaci: 'ya.

Na tsaya tsakanin akwatuna da takarda a hannu. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ni mai digiri biyu a lissafi ban san shekarun uwar da ta haife ni ba.

Na mayar da ita inda take, na daidaita akwatin sosai, kamar wanda ya yi sata.

Talata, 13 ga Mayu

Abin da ban taɓa rubutawa a littafin nan ba.

Wata biyar kafin ta faɗi, Umma tana cewa kanta na sarawa ta ƙeya, idonta na ganin duhu-duhu in ta miƙe. A waya take faɗa min, ni kuma ina buga rahoto da hannu ɗaya. "Tsufa ne, Umma. Ki sha maganin ciwon kai ki kwanta." Sau nawa na faɗa? Ita ma har ta karɓa. In na kira sai ta ce, "Tsufan nan ne dai, 'yar nan."

Ƙaramin asibitin da ake awo kyauta yana bayan layinsu. Tafiyar minti biyar. A ofishinmu aka tsara shirin, ni na buga jadawalinsa.

Ranar da nas ta miƙo min biro, ban yi tunani ba, haka nake gaya wa kaina shekara uku. Amma na san layin. A duk asibitin nan babu wanda ya san ma'anar saba'in kamar ni. Na rubuta ta, na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina. Masu zuwa gaisuwa suna cewa ai ta yi tsawon rai, ina cewa ƙwarai kuwa. Ko kuka ban yi sosai ba, har ana yabon haƙurina.

Alhamis, 15 ga Mayu

Darakta yana son hotunan gabatarwa. Na yi su. Ƙasarmu kore, sauran toka-toka. Sun yi kyau ƙwarai, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Juma'a, 16 ga Mayu

Na hango Baba Rajista a bakin ƙofa na canza hanya ta bayan gini. Mace mai 'ya'ya uku tana ɓuya wa tsoho mai tabaron zare.

Asabar, 17 ga Mayu

Na je wajen Inna, yayar Umma. Rabona da gidanta tun bara, kullum aiki ne hujjata. Na same ta a tsakar gida tana gyara ƙafar kujera da guduma, don ba ta yarda da kafinta ba.

"A'a, manyan gwamnati. Hanya kika ɓata?"

Na durƙusa na gaishe ta, ta bar ni a durƙushe ɗan lokaci kafin ta ce in tashi. Ta ba ni shayi a kofin da hannunsa ya karye. Muka yi hirar yara, da gwiwarta, da maƙwabcinta mai kunna rediyo da ƙarfi. Sai da na ga rana ta yi sanyi sannan na yi ta maza.

"Inna, shekararki nawa?"

"Aure za ki yi min?"

Na ce aiki ne. Ta shiga ɗaki ta fito da jakar leda cike da takardu. Malamar makaranta ce ta yi ritaya, ba ta zubar da ko rasit. Ta zaro takardar haihuwarta, ta yi rawaya, an manne ta da salatif. Sittin da biyar take, za ta cika da shida a ƙarshen shekara.

Na ce Umma fa?

"Shekara uku na ba ta cif. Ina ajin farko tana bin bayana tana kuka sai an tafi da ita." Ta dube ni. "Me ya faru?"

Na gaya mata. Ba duka ba, takardar kawai. Na yi zaton za ta wanke ni tas, kuma da ta yi da na fi jin daɗi. Sai ta ɗauki gudumar tana juya ta a hannu.

"Na ji kuna ta cewa saba'in a wajen gaisuwa," ta ce. "Na ce a raina, to ni da na girme ta nawa ke nan? Amma na ga kina samun sauƙi da shi, sai na bar miki." Can kuma ta ce, "Wahala ce ta tsufar da ita, ba shekaru ba. Ku huɗu ita kaɗai, ga keken ɗinki tun safe."

Da zan tafi ta ce in ɗauki kofin in wanke, ba ta da 'yar aiki. Na wanke shi, na wanke sauran kwanukan ma.

Lahadi, 18 ga Mayu

Sittin da biyar a cire uku, sittin da biyu. A cire ukun da ta yi a ƙasa. Hamsin da tara.

Sha ɗaya aka rasa. Na rubuta sifili.

Kuma ko ba Inna, ai ni ce 'yar fari, ina da talatin da tara. Lissafin da 'yata ta aji uku za ta yi a kan yatsu.

Litinin, 19 ga Mayu

Na shiga ofishin Darakta da niyyar faɗa. Na same shi yana gwada sabuwar riga ta ranar Alhamis, yana tambayar sakatariyarsa ko ta yi masa yawa a kafaɗa. Ya ce, "Malama, akwai matsala?" Na ce a'a, kalar hoto na uku nake son ya duba.

Na fito na zauna a teburina ina jin ƙyamar kaina. In na yi shiru, babu wanda zai gano. Kwamiti ba ya jera mamata shekara-shekara. Za a tafa, a rufe awon, ni kuma in zama wadda ta fitar da ƙasa kunya. Matan da ke bayan layuka da ciwon ƙeya kuma 'ya'yansu su ci gaba da ce musu tsufa ne.

Da yamma na sauka ɗakin ƙasa. Na ce, "Baba, gaskiyarka." Bai ce ai na faɗa ba. Kujera ya jawo min.

Talata, 20 ga Mayu

Wuni muka yi ni da shi. Dabararsa ce: mu nemo mamatan da aka rubuta musu saba'in waɗanda suka taɓa aikin da ake ajiye takardar haihuwa, mu gwada. Mun samu ɗari biyu da goma sha huɗu. Fiye da rabinsu ba su kai sittin da biyar ba. Akwai wani direba mai hamsin da huɗu.

Na sake lissafin ƙasa a kan wannan. Mun sauko na biyar. Ƙasa ɗaya ce a bayanmu, ita ma da ƙyar.

Baba ya raba min burodinsa biyu. Ya ce, "Kin ga takardar da kika je nema ran nan?" Ashe ya sani. Shi ya shigar da ita da hannunsa shekara uku baya, ya ga sunana a ƙasa, ya kuma san Umma don ta taɓa kawo min saƙo ofis. "Na ce wannan baiwar Allah ba ta kai ba. Amma ba a gyara wa mai makoki lissafi."

Mutum biyu ke nan da suka sani suka rufa min asiri. Ban san inda zan sa fuskata ba.

Laraba, 21 ga Mayu

Na faɗa wa Darakta. Ya zauna, ya cire tabarau, ya mayar. Bai yi ihu ba, da ma ba ya yi.

"Na riga na gaya wa shugaban kwamiti na biyu ne."

Na ce na sani, ranka ya daɗe.

"Ba za a iya barin shi haka ba, a gyara a rahoton baɗi?"

Na ce kafin baɗi an rufe awon. Ya juya ya kalli taga. Sannan ya ce, "Ke kika kawo na biyu, ke za ki kai musu na biyar. Ni bakina ba zai iya ba." Da zan fita ya ƙara da cewa, "Wata huɗu, Malama." Wannan ta fi zagi ciwo, don gaskiya ce.

Alhamis, 22 ga Mayu

Dogon tebur, mutum goma sha ɗaya, ruwan roba a gaban kowa. Darakta ya sa tsohuwar rigarsa.

Na fara da cewa rahoton da aka aiko musu kuskure ne, kuma kuskurena ne. Na nuna musu tudun saba'in. Na riƙe bakin tebur. Na yi bayanin layin, da ɗari biyu da goma sha huɗun, da yadda muka koma na biyar.

Wani babban likita mai farin gemu ya jefar da biro kan takarda. Ya ce matsalarmu ke nan, jahilci. "Wane irin mutum ne za a ba shi takardar uwarsa ko ubansa ya rubuta abin da ya ga dama? Sai an wayar da kan mutanen ƙauye."

Ban shirya ba. Na ji bakina yana cewa, "Ni ce irin mutumin, likita. Na rubuta wa mahaifiyata saba'in. Hamsin da tara take. Hawan jini ne, kuma ba a taɓa auna ta ba."

Babu wanda ya dube ni, kowa ya sami abin karantawa a gabansa. Wata mata a ƙarshen tebur ta ce a hankali, kamar da kanta take magana, "Mu ma tamanin muka sa wa babanmu." Likitan ya ɗauki bironsa.

Sun bar awon, shekara biyu, sannan a sake dubawa. Za a kuma ƙara gurbi a takardar mutuwa: shekarun nan an gani a rubuce ne, ko ƙiyasi ne. Ba a tafa ba. Darakta bai yi min magana a mota ba, sai da muka iso ya ce in kawo masa gyararren rahoto ranar Litinin.

Juma'a, 23 ga Mayu

Labari ya riga ni zuwa ofis. Ana gaishe ni da wata irin murya mai laushi da ba na so. Na cike takardar neman gyaran shekarun Umma, na haɗa da kwafin takardar Inna da sa hannunta. Baba ya karɓa ya buga hatimi.

Laraba, 28 ga Mayu

Na ɗauki rabin rana na kai Inna awo. Don ita na je, gwiwarta da shekarunta. Ta yi ta mita a hanya wai lafiyarta ƙalau, mu ne masu zaman ofis marasa lafiya. Nata ya ɗan hau kaɗan, an ba ta shawara ta rage gishiri, ta ce za ta yi tunani.

Sai ta ce wa nas ɗin, "Ita ma auna ta, tunda ta jawo ni." Na zauna don kada a yi gardama a gaban mutane.

Nas ɗin yarinya ce, tana cike kati ba ta ko ɗago kai. Suna, shekaru, aiki. Sannan ta ce, "A danginku akwai wanda hawan jini ya kashe da wuri?"

Sau uku ana yi min tambayar nan a shekara ukun nan, a asibitin ma'aikata. Sau uku ina cewa babu.

Na ce, "Akwai. Mahaifiyata."

"Tana da shekara nawa?"

"Hamsin da tara."

Sai ta ɗago. "Ayya. Ai ba ta tsufa ba."

Ta naɗa min abin awon a hannu, ta matsa, ta duba, ta kwance. Ta ce ba zai yi daidai ba yanzu, in zauna in huce tukuna, ba a auna mutum yana kuka. Na ce mata ba kuka nake ba. Ta ce to, za ta jira.

Inna ta matso da kujerarta kusa da tawa. Mun kai rabin awa a wurin.